Kwana a Dajin Inyo: Kana Ƙara Hawa, Doka Na Ƙara Tsauri

Idan mutum ya bar birnin Los Anjeles da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya miƙa arewa a mota, bayan tafiyar kusan awa huɗu zai isa wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Lone Pine. Garin yana cikin wani dogon kwari busasshe mai suna Owens, inda ba abin da ido ke gani sai tsakuwa da gajerun tsirrai masu ruwan toka. Bisansa daga gaɓar teku kusan ɗaya ne da na garin Jos. Amma da zarar ka juya yamma, sai ka ga ƙasa ta miƙe tsaye kamar ganuwa. Jerin duwatsun Sierra Nevada ke nan, kawunansu tsini-tsini, da fararen zanen ƙanƙara a tsagoginsu har cikin bazara. A cikinsu akwai Dutsen Whitney mai tsayin mita 4,421, wanda babu kamarsa a duk Amurka in an cire jihar Alaska. Don ku gane girmansa, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419. To, filin da ake ajiye motoci a fara hawan Whitney da ƙafa ma ya fi shi bisa.

Wannan gefe na duwatsun, haɗe da wasu duwatsun da ke fuskantarsu ta gabashin kwarin, duk suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Inyo. An kafa shi a 1907, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt. Faɗinsa ya kusa eka miliyan 2, wato ya ɗara Gashaka Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya. Tun kafin zuwan Turawa ƙabilun Paiute da Shoshone ke zaune a yankin, kuma jikokinsu suna nan har yau. Ba don ƙaunar bishiyoyi kaɗai aka keɓe dajin ba. A lokacin, birnin Los Anjeles yana shirin janye ruwan kwarin Owens ta wata doguwar magudana, wadda aka buɗe a 1913, ruwan kuwa daga ƙanƙarar duwatsun nan yake narkowa. Ku riƙe wannan a zuciya, domin shi zai fahimtar da ku abin da ya sa dokokin wurin suke da zafi a kan ruwa. Ƙoramar da wani zai so ya wanke tukunyarsa a ciki, ruwanta na iya fitowa a famfon wani gida da ke nisan ɗaruruwan kilomita.

A Amurka akwai keɓaɓɓun wurare iri biyu da mutane kan rikita. Akwai wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone da Yosemite, waɗanda aka killace don kallo da adanawa, ba a saran katako a cikinsu. Akwai kuma gandayen daji na ƙasa, guda 154, waɗanda ke hannun Hukumar Kula da Dazuzzuka. An kafa hukumar a 1905 kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar gona. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda ake kallon su: wurare ne na amfani. Ana yanka katako da izini, makiyaya na kiwo da izini, ana farauta da kamun kifi da lasisi. A Inyo har kamfanin wasan zamiya a kan ƙanƙara ke akwai a Dutsen Mammoth, yana aiki da izinin hukumar. Saboda haka mai son ya kafa tanti ya kwana a daji ya fi samun sakewa a nan. Sai dai sakewar tana da matakai, kamar yadda dutsen kansa yake da matakai.

Masaukin da aka gina

Matakin farko shi ne sansanonin da hukuma ta gina, kuma akwai gommansu a Inyo, yawancinsu a bakin tafki ko ƙorama. An yanka kowane sansani fili-fili, kowane fili da lambarsa. A filinka za ka tarar da wurin ajiye mota, da tebur mai benci, da zoben ƙarfe na hura wuta, da wani akwatin ƙarfe mai nauyi wanda za mu dawo kansa. Bayan gida na kowa da kowa ne, famfo kuma wani wuri akwai, wani wuri babu. Ana biyan kuɗi a kan kowane dare. Wasu filayen ana kama su ta intanet tun wata shida kafin ranar, kuma na bakin tafkuna masu farin jini kan ƙare nan da nan. Wasu kuwa wanda ya riga zuwa shi ke da wuri.

Dokokin nan irin na zaman haya ne. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba hayaniya, ba kiɗa, ba ƙarar janareta. Kare ya zauna a ɗaure. Akwai iyakar mutane da motocin da fili ɗaya zai ɗauka, kuma a yawancin sansanonin ba a wuce kwana 14, don kada wani ya mayar da filin jama'a gidansa. Da sanyi ya kama, dusar ƙanƙara kan toshe hanyoyi, sai a rufe mafi yawansu sai wata shekara.

Masaukin da babu komai

Mataki na biyu ya fi ban sha'awa. A wurare da yawa na dajin, mutum na iya bin hanyar burji ya sami inda ya yi masa, ya tsaya ya kafa tantinsa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Ba mai karɓar kuɗi, ba maƙwabci, ba lamba. Amma fa babu ruwa, babu bayan gida, babu kwandon shara. Abin da ka zo da shi shi ne naka, kuma abin da ka zo da shi da shi za ka koma, har ɓawon lemo da ƙullin leda.

Mota ba ta sauka daga hanyoyin da aka zana a taswirar hukuma. Wajibi ne kuma mutum ya san a ƙasar wa yake tsaye, domin ba shinge tsakani. A gindin duwatsun, kusa da Lone Pine, akwai wasu tarin duwatsu masu kama da an jera su da hannu, ana ce musu Alabama Hills, inda aka ɗauki finafinan kaboyi masu yawa. Wannan wuri wata hukumar ce daban ke kula da shi, da nata dokokin. Filaye masu yawa a tsakiyar kwarin kuma mallakar hukumar ruwa ta Los Anjeles ne, ana barin mutane su shiga da rana amma ba a kwana. Tazarar 'yan mitoci na iya raba halal da tara.

Akwai wata ƙa'ida da kan ba sabon zuwa mamaki. Cewa ake yi ka nemi wurin da wani ya riga ya kwana, inda ƙasa ta riga ta daddale, ka sauka a nan. Kada ka je ka share sabon wuri mai kyau da ciyawa. Hankalin mutum kan ba shi cewa gara a bar wurin da ya gaji ya huta, a koma sabo. Amma masu nazarin ƙasa sun lura cewa mafi yawan ɓarnar a 'yan kwanakin farko ake yin ta. Taku kaɗan ya isa ya kashe ciyawa ya danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, bayan nan kuwa ko mutum ɗari suka ƙara kwana a wurin ba wani abu mai yawa da ya rage su lalata. Farfaɗowa ita ce ke cin shekaru. Don haka tabo ɗaya da kowa ke amfani da shi ya fi tabo hamsin da kowa ya yi nasa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda 'yar hanyar yanke ke fitowa a tsakiyar filin ƙwallon makaranta, kuma ta ƙi ɓacewa ko bayan dogon hutu, ya san wannan.

Tanti kuma ba ya matsar ruwa. Dokar dajin ta ce a bar aƙalla ƙafa 100, wato kimanin mita 30, tsakanin masauki da tafki ko ƙorama, masu koyar da zaman daji kuwa kan ce a ninka. Ba a wanka ko wanke-wanke a cikin ruwan, ko da da sabulun da aka ce ba ya cutarwa ne. Ɗiba ake yi a tafi nesa a yi, a watsa ruwan a ƙasa. Ruwan sha ma, duk da yana da haske kamar gilashi, sai an tace ko an tafasa, saboda wata ƙwayar cuta da ake kira jiyadiya mai sa gudawa ta kwana da kwanaki.

Wuta

Babu abin da malaman daji a Kalifoniya ke tsoro kamar wuta. Daga tsakiyar shekara zuwa kaka ruwan sama kan yi ƙaranci, daji ya bushe ƙamas kamar tsakiyar hunturunmu, ga iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga duwatsu. Shi ya sa duk wanda zai kunna wuta a wajen sansanin da aka gina sai ya mallaki takardar izinin wuta, ko da kuwa ɗan murhun gas ne zai dafa shayi a kai. Takardar kyauta ce. Ana samun ta ta intanet bayan mutum ya kalli ɗan gajeren bidiyo ya amsa tambayoyi. Amfaninta shi ne kada gobe wani ya ce bai sani ba.

Sharuɗɗan ba su da wuya. A share ganye da ƙirare daga kewayen murhun, a ajiye shebur a kusa, kuma kada a bar wuta ita kaɗai ko na minti ɗaya. In za a tashi, a kwarara mata ruwa, a juya tokar da shebur, a ƙara ruwa, sannan a kai bayan hannu kusa a ji. In da sauran ɗumi, ba ta mutu ba. Binne ta da ƙasa ba ya wadatarwa, domin garwashi kan yi kwanaki a raye a ƙarƙashi, ya bi saiwa ya ɓullo a wani wuri bayan mai shi ya daɗe da komawa gida. Idan fari ya tsananta, hukuma kan soke izinin gaba ɗaya. Karya irin waɗannan dokoki na iya jawo tarar da ta kai dala 5,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun.

Wanda ke ganin an cika tsanani, ya dubi abin da ya faru a 2013 a gandun Stanislaus, can ɗaya gefen waɗannan duwatsu. Wani mafarauci ya hura wuta a lokacin da aka hana, ta ƙwace masa. Kafin a shawo kanta ta cinye fiye da murabba'in kilomita 1,000, har ta shiga cikin Yosemite. A Satumbar 2020 kuma, da gobara ta yi yawa, an rufe dukkan gandayen dajin ƙasa da ke Kalifoniya na wani lokaci, Inyo na ciki, aka kuma maimaita haka a 2021. Mutumin da ya kama fili tun wata shida baya, sai haƙuri.

Ko itacen wutar ma akwai magana a kansa. Ana roƙon mutane kada su ɗauko itace daga garinsu, su saya a kusa da inda za su ƙona, domin ƙwarin da ke kashe bishiyoyi a cikin ɓawon itace suke samun mota kyauta zuwa sabon daji.

Mai gidan da ke zuwa da dare

Yanzu mu koma kan akwatin ƙarfen nan. An yi shi ne saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi wadda babbanta kan fi ƙaton mutum nauyi nesa ba kusa ba. Irin da ke Kalifoniya baƙin beyar ake ce masa, ko da yake da yawansu ruwan ƙasa ne. Babban ɗan'uwansa mai faɗa, wanda hotonsa ke jikin tutar jihar, mafarauta sun ƙarar da shi a jihar tun shekarun 1920. Baƙin beyar ba ya farautar mutane, yawanci ma gudu yake yi. Matsalarsa hanci da wayo. Yana jin ƙanshi daga nesa fiye da kare, yana hawa bishiya, yana gane akwatin sanyaya abinci da ido, kuma yana iya sa farce a saman ƙofar mota ya lanƙwaso ta don ya kai ga biskit ɗin da aka manta a kujerar baya.

Don haka doka ta ce duk abin da ke da ƙanshi ya shiga akwatin ƙarfe a kulle, dare da rana. Ba abinci kaɗai ba. Har man goge baki, da sabulu, da turare, da man shafawa, da shara. Barin abinci a tanti kuwa ba shi da maraba da ba kura ajiyar nama, kai kuma kana kwance a kan naman.

Abin da ya kamata a gane shi ne dokar ta fi kare beyar ɗin fiye da mutum. Duk beyar da ya ɗanɗana abincin mutane sau ɗaya ya gano cewa ya fi tonon tururuwa da tsintar 'ya'yan itace sauƙi. Zai dawo. A hankali tsoron mutane ya fita daga ransa, ya fara kutsawa tanti, ya koya wa 'ya'yansa. Ƙarshenta malaman daji su harbe shi, ba don suna so ba. Wanda ya bar burodi a kan tebur ya tafi kallon tafki ba zai taɓa sanin cewa da hannunsa a ciki ba.

Inda mota ba ta zuwa

Mataki na uku shi ne can sama, inda hanya ta ƙare. A 1964 majalisar Amurka ta yi wata doka da ta ba da damar a ware wasu yankuna a bar su yadda Allah Ya halicce su. Babu titi, babu gini, babu injin kowane iri, ko keke ba ya shiga. Mutum ya tafi da ƙafarsa ko a kan doki ko alfadari. Wani babban ɓangare na Inyo irin wannan ne, kuma mafi shahara shi ne yankin da aka sa wa sunan John Muir, mutumin da ya yi rayuwarsa yana yawo a duwatsun nan yana rubutu don a kare su.

Kwana a nan sai da takardar izini, kuma a lokacin da mutane suka fi zuwa kowace hanya tana da adadin waɗanda za su shiga ta a rana. Ayari ɗaya ba ya wuce mutum 15. Tunda ba akwatin ƙarfe, a yankuna da yawa dole matafiyi ya ɗauki wani mazubi mai tauri, kamar ƙaramin bokiti mai murfin da farcen beyar ba ya iya buɗewa, ya cusa duk abincinsa a ciki, da dare ya ajiye shi nesa da tanti. Bayan gida kuma rami ake tonawa mai zurfin santimita 15 zuwa 20, nesa da ruwa, a rufe.

Daga wajen mita 3,000 zuwa sama an hana hura wutar itace kwata-kwata, ko da damina ce. Wannan ba tsoron gobara ba ne kawai. A can sama sanyi ya yi yawa, lokacin tsiro 'yan makonni ne a shekara, bishiyar da ba ta wuce tsayinka ba tana iya girmar kakan kakanka. Busasshen reshen da ya faɗi shi ne takin da ƙasar ke jira, kuma zai ɗauki shekaru masu yawa kafin wani ya faɗo. Mutum ya tsince shi ya ƙone a dare ɗaya don ya ji ɗumi, ya cinye abincin ƙasar na tsawon zamani.

Inda za ka fi ganin gaskiyar wannan shi ne a duwatsun gabashin kwarin, waɗanda ake kira White Mountains. A can, a kan farar ƙasa mai duwatsu wadda kusan babu abin da ke tsirowa, akwai wasu bishiyoyi da ake kira bristlecone, gajeru, murɗaɗɗu, rabin jikinsu kamar ya mutu. Suna cikin halittu mafiya tsufa a duniya. A 1957 wani masani mai suna Edmund Schulman ya ƙirga zoben shekarun ɗaya daga cikinsu, kuma a yau shekarunta sun haura 4,800. Wato tana nan a tsaye tun kafin a gina manyan dalar Masar na Giza. An sa mata suna Methuselah, amma hukuma ba ta sa mata alama ba, don kada masu son abin tunawa su ɓalle mata reshe. Kana iya wucewa ta gabanta ba ka sani ba. A cikin kurmin bishiyoyin nan ba a kwana, ba a hura wuta, ba a ɗaukar ko guntun icce. Mai son kwana sai ya sauko zuwa wani sansani mai suna Grandview, wanda ba shi da ruwa ko ɗigo, amma masu kallon taurari na son sa saboda duhun samansa.

Ƙuri'ar hawan Whitney

A hanyar Whitney ne duk dokokin suka taru suka kai maƙura. Hanyar ta fara daga Whitney Portal, kimanin mita 2,550, zuwa da dawowa kusan kilomita 35 ne. Ba ta buƙatar igiya ko gwaninta a lokacin da ƙanƙara ta narke, shi ya sa kowa ke son ta. Daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Nuwamba, mutum 100 kaɗai ake bari su hau su dawo a yini guda, sai 60 masu kwana a hanya. Masu nema sun ninka haka sau da yawa, don haka a watan Fabrairu ake cike takarda ta intanet, a jefa ƙuri'a. Wani ya yi shekaru yana nema bai dace ba.

Akwai masu sukar tsarin, kuma suna da hujja. Dajin na jama'a ne, me zai sa ɗan ƙasa ya nemi izini kafin ya taka dutsen ƙasarsa? Sannan ƙuri'ar ta fi dacewa da wanda ke da intanet da aikin da zai ba shi damar tsara hutunsa tun rabin shekara baya. Ni dai a ganina, in har dole a rage mutane, gara ƙuri'a da a tsauwala kuɗi, domin ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba.

Masu kwana kan sauka a ɗaya daga wurare biyu. Outpost Camp yana ƙasa, cikin bishiyoyi. Trail Camp kuwa yana wajen mita 3,650, dutse ne tsirara a bakin ɗan tafki, ba bishiya ko ɗaya. A nan abokin gaba shi ne wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya, wadda kan huda tanti da haƙori in ta ji ƙanshin gyaɗa. Sanyi kan ƙaru da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka ana iya shan zafi a Lone Pine da rana, ruwa kuma ya daskare a gora a Trail Camp da dare. Ruwa a nan yana tafasa tun bai kai digiri 90 ba, shinkafa sai ta yi ta gardama a tukunya.

Iska ma ta yi ƙaranci. A ƙololuwar dutsen, kowane numfashi na kawo wa mutum kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na oksijin da zai samu a bakin teku. Alamun farko su ne ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, kuma ba ruwansu da ƙarfin mutum. Ɗan ƙwallo na iya kwantawa tsohuwa ta wuce shi. Maganin rigakafi shi ne a kwana ɗaya ko biyu a tsakiyar hanya jiki ya saba, sannu ba ta hana zuwa. In kuwa abin ya ci gaba, magani ɗaya ne, a sauka. Daga Trail Camp hanya ta yi kwana-kwana har kusan sau ɗari a jikin dutsen. Yawancin mutane tun da duhu suke tashi da tocila a goshi, don su kai sama su juyo kafin azahar, lokacin da hadari kan taso. A ƙololuwar akwai wani ɗan ɗakin dutse da aka gina a 1909 don masu binciken kimiyya, amma an gargaɗi mutane kada su fake a cikinsa in ana tsawa.

Saura doka ta ƙarshe, wadda na san za ta sa wasunku dariya. A hanyar Whitney ba a tona rami. Babu ƙasar da za a tona, dutse ne, kuma sanyi ya hana ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta yin aikinsu, abin da aka bari bana za a same shi baɗi. A da akwai bayan gida biyu a hanyar, jirgi mai saukar ungulu ke zuwa kwashewa, daga baya aka ga wahalar da haɗarin sun yi yawa aka cire su. Yanzu kowane matafiyi da 'yar jakarsa ta musamman: leda mai ninki biyu, da wani gari a ciki mai daskarar da abin ya rage wari. Mutum ya biya buƙatarsa a ciki, ya ɗaure, ya sa a jakar bayansa, ya hau da ita ya sauko da ita. Babba da yaro, mai kuɗi da talaka, farfesa da ɗalibi. Ba kowa ke bi ba. Malaman daji kan tsinci waɗanda aka ɓoye a bayan duwatsu, su kuma su ɗauko su sauko da su a bayansu.

A bakin hanyar, a Whitney Portal, an rataye wani ma'auni inda masu shirin hawa ke auna nauyin jakunkunansu, wasu su koma mota su rage kaya. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai wata ma'ajiyar shara ta daban, da rubutu a jikinta, ta ledojin masu saukowa.